Kiyashi a gindin randa

Ƴan'uwa, ku duba gindin randa. In kun ga ƙananan ƙwari jajaye sun yi layi, kiyashi ne. Cinnaka ya fi shi girma, baƙi ne, cizonsa da zafi. Kwarkwasa kuwa da damina take shigowa, runduna guda, har ƴan tsaki takan kashe.

Mi ke kawo su gida? Laima da abinci. Kiyashi yana bin shara da bakin salga, kana ya hau tuwon yara. Ta haka yake iya ɗauko cuta.

Ga abin da za a yi:

1. A ɗora randa bisa duwatsu, gindinta ya riƙa bushewa.
2. A gyara indararo da magudanar bayan gida, kada ruwa ya kwanta jikin bango.
3. A rufe sukari da sauran abinci, a wanke kwanoni kafin a kwanta.
4. A bi layinsu har rami, a zuba tafasasshen ruwa, a toshe. A janye yara tukuna.
5. A barbaɗa busasshiyar toka a hanyarsu.

Hattara! Kada a zuba maganin ƙwarin gona kusa da randa ko tukunya. Guba ne, yana kashe mutum.