Alkawari Kaya Ne: Yadda Manhajar Tsara Bayani Ke Hana Aiki Salwanta A Gidan Rediyo

Daga wakilinmu a Tamale

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan rediyon al'umma ya san cewa magana ba ta yi mana ƙaranci, abin da ke ba mu wahala shi ne inda za mu ajiye ta. Lambar wayar baƙon da za a yi hira da shi tana bayan katin gayyatar ɗaurin aure, tambayoyin da za a yi masa suna cikin wani tsohon littafi, koken masu sauraro kuma yana cikin saƙonnin murya na WhatsApp waɗanda sun fi ƙarfin lissafi. Haka muke fama, kuma da yake shiri kan fita ko ta halin ƙaƙa, sai mu ɗauka komai lafiya.

Ni ma haka na ɗauka, sai da wata dattijuwa ta kunyata ni a kasuwar Aboabo. A wani rani da ya gabata mun yi shirin kiran waya a kan matsalar ruwa, wadda ba sai na yi wa mutumin Tamale dogon bayani a kanta ba, domin kowa na ganin mata da yara da rawayen jarkokin nan da ake kira galan ɗin Kufuor tun da asuba. Dattijuwar ta bugo daga wani ƙauye da ke wajen gari, ta ce famfon tuƙa-tuƙan da suke da shi guda ɗaya tak ya lalace. Baƙon da muka gayyato, wani jami'i da ba zan ambaci sunansa ko ofishinsa ba, ya ɗauki alkawari duniya na ji cewa za a gyara cikin mako shida. Na rubuta a wata 'yar takarda, na ce zan bibiya.

Bayan wata biyar, ina cinikin albasa, sai ta ji muryata ta gane ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta kira ni da ɗana, ta tambayi lafiyar iyali, sannan ta ce su dai sun ji na sa mutum ya yi alkawari, daga nan kuma ba su sake jin na ɗaga zancen ba. Na ce mata, Mma, ki yi haƙuri. Da na koma ofis na nemi takardar sama da ƙasa ban gan ta ba, sautin shirin kuma an riga an goge shi don a sami wurin ajiye wani. Ko sunan ƙauyen sai da na sake tambaya. Laifin nan ba na kowa ba ne, nawa ne.

Wannan ne ya sa na rungumi irin manhajar da nake son yi wa mai karatu bayaninta a yau, wato manhajar tsara bayani daki-daki, wadda ni nake kira tsarin uwa da 'ya'ya.

Mece ce ita?

Abin ba shi da wani sarƙaƙiya. Shafi ne da ake rubutu layi-layi, amma kowane layi yana iya zama uwa ga waɗansu layukan da ke ƙarƙashinsa. Idan ka rubuta layi ka matsar da shi ciki kaɗan, a kwamfuta da maɓallin Tab, a waya kuma da wata 'yar kibiya, to ya zama ɗan layin da ke samansa ke nan. Shi ma yana iya haifar nasa 'ya'yan, har jikoki da tattaɓa-kunne. Alal misali, uwa ita ce Shirin Ruwa, ƙarƙashinta akwai Baƙi da Tambayoyi da Alkawura, ƙarƙashin Alkawura akwai sunan ƙauye, ƙarƙashin ƙauyen kuma akwai wanda ya yi alkawarin da ranar da ya yi da ranar da ya kamata a sake buga masa waya.

To ai wannan ko a takarda ana yi, in ji wani. Gaskiya ne, sai dai akwai abubuwa biyu da takarda ba za ta yi maka ba. Na farko, kana iya naɗe uwa da duk zuriyarta kamar yadda ake naɗe tabarma, sai shafi ɗari ya koma layi goma a gabanka, ka warware wanda kake bukata kaɗai. Na biyu, idan ka ja uwa ka kai ta wani wuri, 'ya'yanta duka za su bi ta, babu wanda zai ɓace a hanya. A ganina waɗannan biyun su ne kan gaba, sauran abubuwan da kamfanoni ke tallatawa, irin su launi da hotuna, ado ne kawai. Akwai dai amfani a wurin bincike da kuma alamar #, domin idan na liƙa #bibiya a kan duk layin da ke jiran kiran waya, da dannawa ɗaya za su taru a gabana ko da suna warwatse cikin shirye-shirye daban-daban.

Da tsohuwar zuma

Wanda ya yi makarantar zaure a Zangon Tamale ba zai ga baƙon abu a nan ba. Dubi littattafan fiƙihu da muka taso muna gani a hannun malamai, irin su Ahalari da Iziyya da Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya. An yanka su babi-babi ko fasali-fasali, mas'aloli kuma na ƙarƙashinsu. Shi ya sa idan ka tambayi malami hukuncin taimama ba ya fara karatu daga bangon littafi, kai tsaye yake zuwa wurin tsarki. Haka nan marokan Dagbon, wato lunsi, suke riƙe da tarihin sarauta, daga Naa Gbewaa zuwa Sitobu zuwa Naa Nyagsi, kowane basarake da 'ya'yansa a ƙarƙashinsa, kowane ɗa da garin da ya ci. Da a jere kawai suka haddace sunayen nan kamar lissafin bashi, ina shakkar ko za su riƙe su.

Su ma Turawa ba jiya suka fara ba. A ranar 9 ga Disamba, 1968, wani injiniya ɗan Amurka mai suna Douglas Engelbart ya tara masana a birnin San Francisco ya nuna musu abin da kwamfuta za ta iya yi, kuma cikin misalan da ya kawo har da jerin kayan cefane, yana kasa su gida-gida, yana naɗewa yana warwarewa. A 1983 Dave Winer ya fitar da ThinkTank, wadda ta kai wannan tsari ga masu ƙananan kwamfutoci, sai MORE ta biyo baya a 1986. A 2003 wani masanin taurari, Carsten Dominik, ya ƙirƙiro Org-mode don tsara nasa aikin, kuma har yau kyauta ce, sai dai tana da wuyar koyo ga irinmu. WorkFlowy ta fito a 2010, sai Obsidian da Logseq a 2020.

Wacce za a ɗauka?

Mutane da yawa ba su san cewa Microsoft Word da ke kan kwamfutar ofishinsu tana da wannan tsari ba, har hawa tara na kanun bayani, ana naɗewa ana jan su sama da ƙasa. Google Keep da ke cikin wayoyi da dama tana barin a matsar da layi ciki hawa ɗaya, wanda ya ishi mai lissafin cefane ko kayan biki, amma bai ishi mai shirya shiri ba. WorkFlowy ta fi sauƙin koyo, cikin rabin sa'a mutum zai gane kanta, sai dai ta kyautar tana da iyakar layukan da za a ƙara a wata, bayanan kuma suna ajiye ne a rumbun kamfanin. Obsidian kuwa tana ajiye rubutu a cikin wayarka ko kwamfutarka a matsayin rubutu tsura, wanda kowace manhaja za ta iya buɗewa, ba kuma sai da intanet ba.

Wannan batu na ƙarshe shi ne nake so 'yan'uwana 'yan jarida su tsaya a kansa. Mu da muka ga zamanin dumso, tsakanin 2012 da 2016, mun san yadda aiki ke tsayawa cik idan aka dogara da abin da ba ya hannunka. Wanda ke zuwa ɗaukar rahoto ƙauyukan Tolon ko Kumbungu ko Savelugu ya san akwai wuraren da waya ke zama kurma. Bugu da ƙari, kamfani kan sauya sharuɗɗansa duk lokacin da ya ga dama. A ƙarshen 2023 Evernote, wadda miliyoyin mutane ke ajiye rubutunsu a cikinta, ta taƙaita masu amfani da ta kyauta ga rubutu 50 kacal. Don haka kafin ka zuba aikin shekara biyar a wata manhaja, fara duba ko tana barin ka kwashe kayanka ka fita. Akwai wani tsari da ake kira OPML, wanda shi Dave Winer ɗin ya samar a 2000, musamman don a iya ɗaukar irin wannan jeri daga wata manhaja a kai wata ba tare da uwa ta rabu da 'ya'yanta ba. Idan ka ga manhaja na fitar da shi ko rubutu tsura, to da sauƙi.

Wata 'yar matsala kuma da ta shafe mu mu kaɗai ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Idan yau ka rubuta ƙasa da ƙ, gobe ka rubuta ta da k, to ranar da ka zo bincike rabin abin da kake nema ba zai fito ba. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ. Abokan aikinmu na sashen Dagbanci su ma suna da irin wannan ciwon kai da haruffansu irin su ŋ da ɣ. Zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta.

Inda ake yin tuntuɓe

Watan farko da na fara, sai na wayi gari na fi ɓata lokaci wajen gyaran jerin fiye da yin aikin kansa. Na yi uwa, na yi kaka, na yi kakar kaka, har ya zama kafin in rubuta lambar waya ɗaya sai na tsaya tunanin gidan da ya dace da ita. Wannan ba aiki ba ne, wasa ne da ya yi kama da aiki. Yanzu ba na wuce hawa huɗu. Sannan a can sama ina da uwa guda da na sa wa suna Kwando, duk abin da ya zo ina tsakiyar shiri ko ina kan babur, nan nake jefa shi ba tare da tunani ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake zama in juye Kwandon, kowane layi in kai shi gidansa ko in share shi. Makon da na tsallake wannan zama, jerin kan koma irin tsohon littafina ne, sai dai shi yana cin caji.

Na kuma koyi cewa layin aiki dole ya fara da abin da za a yi. Idan na rubuta “famfo” kawai, bayan mako uku ban san me nake nufi ba. Idan na rubuta cewa a buga wa wane ranar Alhamis a tambaye shi ko an kawo kayan gyara, to ko ba na nan wani zai iya ɗauka. David Allen ya yi dogon bayani kan wannan a littafinsa na tsara aiki da ya fito a 2001, amma duk uwar gida da ta taɓa aiken yaro kasuwa ta riga shi sani.

Ga abin da ake maimaitawa kuwa, samfuri ake yi. Bikin Damba na zuwa kowace shekara a watan Rabi'ul Awwal, da Somo Damba da Naa Damba da ranar sallama ta Belkulsi. Sau ɗaya na zauna na tsara abin da kowace rana ke bukata, da wanda zai tsaya a fada, da batir, da kuɗin mai, da wanda za a nemi izini a wurinsa. Duk shekara sai in kwafi uwar in sauya ranaku. Haka na yi wa tafsirin azumi da shirin manoma na farkon damina, haka kuma muka yi a zaɓen 7 ga Disamba, 2024. Wani abokina da ke yi wa ƙungiyar mata masu man kaɗe lissafi ya ɗauki wannan hanya, kowace mace uwa ce, ƙarƙashinta buhunan da ta kawo da abin da aka tura mata ta waya.

Sai maganar sirri. A cikin jerin ɗan jarida akwai sunayen mutanen da suka yi magana bisa amana. Gana tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012, amma ko babu doka, wayar da ba ta da makulli idan ta faɗa hannun ɓarawo a tasha, to ka miƙa masa majiyoyinka ne. Irin waɗannan sunaye ba na sa su a jerin da muke tarayya da abokan aiki, laƙabi nake sa musu.

Shi wannan jeri na tarayya shi ne abin da nake roƙon shugabannin tashoshinmu su duba. Mafi yawan ma'aikatan rediyon al'umma 'yan sa-kai ne, yau suna nan, gobe sun sami aiki a Kumasi ko sun tafi karatu Jami'ar Nazarin Ci Gaba. Idan mutum ya tafi, da shi da lambobin baƙi da tarihin shirin da duk alkawuran da aka yi a gabansa suke tafiya, wanda ya gaje shi sai ya fara daga farko. Masu alkawari kuma sun san haka sarai.

Dangane da famfon dattijuwar nan, na sake gayyato jami'in, na tuna masa abin da ya faɗa, ya kawo uzurinsa, ya sa sabuwar rana. A wannan karon na rubuta a gabansa, ƙarƙashin sunan ƙauyen, kuma da ranar ta zo wayata ta nuna mini, na buga masa muna kan iska. An gyara famfon bayan kira na uku. A ƙarƙashin uwar Alkawura yanzu akwai layi goma sha ɗaya da ban share ba tukuna, na farkonsu kuma batun wata kwalbati ce, wadda zan buga waya a kanta ranar Alhamis mai zuwa da ƙarfe takwas da rabi na safe.