Mata da Mallakar Ƙasa a Ƙasar Hausa

Ya kamata tun farko a rarrabe tsakanin abubuwa uku waɗanda jama'a kan cuɗanya su idan ana maganar ƙasa, watau shari'a, da al'ada, da kuma dokar gwamnati. Kowanne daga cikinsu da irin matsayin da ya ba mace, kuma saɓanin da ke tsakaninsu shi ne tushen yawancin rigingimun filaye da ke gaban alƙalai.

A wajen shari'a maganar a fili take. Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun yanka wa mace rabonta: ɗiya tana da rabin rabon ɗa, matar mamaci kuwa tana da tumuni idan ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba. Ba a ware gona ko gida daga cikin abin da za a raba ba. Haka kuma dukiyar matar aure tata ce ita kaɗai, aure ba ya mayar da ita ta miji. Abin lura a nan shi ne, matar aure a Ingila ba ta sami cikakken irin wannan 'yanci ba sai da dokar 1882.

Al'ada ce ta sha bamban. A karkara, idan maigida ya rasu, gandu kan zauna a hannun 'ya'ya maza, su kuma mata a sallame su da kuɗi ko awaki, ko a ce rabonsu yana nan ajiye wurin babban wa. Hujjar ita ce mace 'yar gidan wani ce, idan aka ba ta gona to an ba surukai ke nan. Ita ma macen sau da yawa takan yi kawaici, domin gidan wan nan nata shi ne mafakarta ranar da aure ya mutu, kuma wadda ta kai shi gaban alƙali ta toshe wa kanta hanyar komawa. Saboda haka dukiyar mata ta tattara a kan abin da za a iya ɗauka a tashi da shi: kwanuka da tasoshin jere, da zinariya, da tumaki. Ba rashin jari ne ya hana su ba. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a rubuce-rubucenta na 1969 da 1972 irin kasuwancin da matan kulle ke gudanarwa daga cikin gida, na man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura da hatsi, yara suna kai musu talla.

Dokar gwamnati kuwa ba ruwanta da jinsi. Tun dokar Turawa ta 1910, da ta Jihar Arewa ta 1962, har zuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa amana ce a hannun hukuma, abin da mutum ke riƙe da shi hakkin zama ne da amfani. A birni Gwamna ke ba da takardar shaidar wannan hakki, a karkara ƙaramar hukuma. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ƙara da cewa kowane ɗan ƙasa yana da ikon mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Nijeriya.

To, tun da ƙofar a buɗe take, me ya sa sai daga baya mata suka kama shiga? Dalili na farko albashi ne. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya bukaci ɗimbin malamai, asibitoci kuma sun bukaci ungozomomi da ma'aikatan jinya. Macen da ke karɓar kuɗi ƙarshen kowane wata tana iya shiga adashi mai kauri, kwasa ɗaya ta isa kafin alƙalami na fuloti. Na biyu shi ne karyewar darajar Naira tun daga 1986, wadda ta koya wa kowa cewa kuɗin ajiya narkewa suke yi, kwanon jere kuma yayinsa wucewa yake, amma fili sai dai ya ƙara tsada. Na uku shi ne faɗaɗar birane. Gonakin da ke gefen Kano, a Ɗorayi da Rijiyar Zaki da Mariri, sun zama unguwanni, masu su suna yanka su ƙanana-ƙanana suna sayarwa, abin da ake kira awon igiya. Wannan ya taimaki mata ta fuska biyu: ƙaramin fili bai fi ƙarfin mai adashi ba, sa'an nan gonar gado da ta zama fulotai tana da farashi sananne, ba a iya sallamar ɗiya da akuya biyu a kanta. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba, watau yawan mutuwar aure. Macen da ta ga an fitar da uwarta ko yayarta da kaya a ka ta san amfanin ɗakin da babu mai cewa ta fita.

Sai dai saye daban, mallaka daban. Yawancin cinikin fili a zaure ake yinsa, tsakanin mai fili da dillali da mai unguwa da shaidu, duka maza. Mace takan tura wakili, mijinta ko ɗan'uwanta, wani lokaci kuma sunan wakilin ne ke hawa takarda, ko don kunya ko don gudun a ce ta fi ƙarfin miji. Muddin ana zaman lafiya babu abin da zai taso. Ranar da wakilin ya rasu, filin ya faɗa cikin gadonsa, idan mijinta ne kuma ya bar 'ya'ya, matar da ta biya kuɗinsa duka sai ta tashi da tumuni, wanda ma za ta raba da kishiyoyi. Alƙali da hujja yake aiki, hujjar kuwa takarda ce da shaidu. Bugu da ƙari, takardar cinikin awon igiya ba ita ce takardar Gwamna ba. Idan hukuma ta zo fitar da hanya, ko aka tarar an sayar wa mutum biyu fili ɗaya, mai ƙaramar takarda shi ke shan wahala.

Kada kuma a ɗauka ci gaban ya game ko'ina. A ƙauyukan jihar Maradi ta Nijar, inda mata suka daɗe suna noma 'yar gonar da miji kan yanka musu, wadda suke kira gamana (ita ce gayauna a wajen Kanawa), yawan jama'a ya sa gonaki sun tsuke har magidanta suna karɓe ta. Binciken Marthe Doka da Marie Monimart na 2004 ya nuna yadda ake ture mata daga noma ta wannan hanya, alhali dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta hana bambanta namiji da mace wajen samun ƙasa. Gamana aro ce, mai aro kuwa ba shi da ta cewa ranar da mai abu ya nemi abinsa. Shi ya sa matan wannan yanki masu hali suka koma saye da karɓar jingina, wasu kuma suka fara neman a raba musu gadon ubanninsu bisa shari'a, a kuma rubuta rabon a gaban kwamitin filaye na yankinsu.