Mugun Cikin Kufai: Abin da Wasannin Bayan Rushewar Duniya Ke Faɗa da Wanda Suke Ɓoyewa

A Tungan Maje, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Zuba da Gwagwalada, ƙwallo ce ke cika shagon gem, a waya kuma Free Fire da PUBG suka yi kaka-gida. Sai dai akwai wasu wasannin da ba kasafai ake buga su a shago ba, amma gardamarsu ta fi ta kowane wasa tsawo. Su ne masu labarin bayan duniya ta rushe: bam ya ƙone birane ko annoba ta cinye jama'a, 'yan tsirarun da suka rage suna neman ruwa da harsashi a cikin kufai. Tun da aka mayar da The Last of Us fim mai dogon zango a 2023, aka bi da Fallout a 2024, labaran suka ƙara yaɗuwa a wayoyin matasa. Tambaya biyu ce ke ta dawowa. Me ya sa mugun ya yi abin da ya yi? Kuma me ya sa aka bar mu cikin duhu a kan abubuwa da yawa?

Mu fara da ta biyun, domin ita ce ke buɗe ta farkon. A fim, darakta ne ke riƙe da idon mai kallo, inda ya ga dama nan zai kai shi. A wasa kuwa linzamin yana hannun mai bugawa, yana iya shiga ɗaki, yana iya wucewa. Shi ya sa marubutan ke yayyanka labarin su warwatsa shi: wasiƙa a gefen gawa, muryar da aka naɗa, rubutu a tsohuwar kwamfuta. A The Last of Us na 2013, bayan an fita daga birnin Pittsburgh, ana ratsa wata magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya tsaya ya duba zai ga ajin karatun yara, da zanensu a bango, da gangunan tara ruwan sama, da takardun wani mutum mai suna Ish wanda ba a taɓa nuna fuskarsa ba. Takardun ne ke bayyana cewa mutane sun yi zaman lafiya a wurin har ranar da aka bar wata ƙofa a buɗe. A wani ɗaki akwai gawar babban mutum kusa da gawarwakin yara da aka lulluɓe. Babu wanda ya buɗe baki ya yi bayani. Wanda ke sauri ba zai san an yi ba.

To, a nan gardamar take samo tushe. Mutum biyu za su gama wasa ɗaya, amma saninsu ba ɗaya ba. A wajenmu abin ya ƙara nisa, domin a shago kuɗin wasa ɗaya ko na ɗan lokaci ake biya, ga layi a bayanka, ga wuta da ba ta da tabbas. Wa zai bar ka ka tsaya karanta wasiƙa da Turanci? Da yawa ma a YouTube suka kalli labarin, an tsame musu wuraren magana kaɗai, an zubar da sauran.

Amma ko ka karanta kowace takarda, akwai abin da ba za ka samu ba, kuma da gangan ne. A duniyar Fallout, yaƙin nukiliya tsakanin Amurka da Sin ya faru ranar 23 ga Oktoba, 2077, cikin awa biyu komai ya ƙare. Wa ya fara harbawa? Wasannin ba su yanke hukunci ƙarara ba, kuma ina ganin sun yi daidai, don mutumin da aka haifa shekara ɗari biyu bayan nan ba shi da wanda zai tambaya. Jahilcinsa ne aka ara maka don ka ji yadda yake ji. Fim ɗin 2024 ya nuna taron manyan kamfanoni inda wakiliyar Vault-Tec, masu gina maɓoyar ƙarƙashin ƙasa, ta kawo shawarar su jefa bam ɗin da kansu. Shawara aka nuna, ba aikatawa ba, musu kuwa ya dawo sabo.

Wani giɓin na kasuwa ne. A Horizon Zero Dawn na 2017 an ƙi faɗin daga inda saƙon da ya tada na'urar halaka ya fito, sai a kashi na biyu, 2022. Wani kuma ba hikima ba ce, ƙarancin lokaci ne. Kamfanin Obsidian ya haɗa Fallout: New Vegas na 2010 cikin kusan wata 18, garuruwan da aka so a nuna a ƙarƙashin mulkin Caesar, ɗaya daga cikin mugayen wasan, ba su samu shiga ba. Sai aka bar mai wasa yana ganin bayi da gicciye mutane, yana jin labarin tsaron hanyoyinsu a bakin fatake kawai. Masoya sun shafe shekaru suna neman ma'ana a wurin da aiki ne bai kammala ba.

Sai batun mugun. A labarin Bayajidda babu mai tambayar dalilin da ya sa macijin rijiyar Kusugu ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Aikinsa ya tare rijiya, aikin jarumi ya sare shi. Waɗannan wasannin ba za su iya haka ba, saboda kai ne za ka danna maɓallin kisan da yatsanka bayan ka kwashe awanni kana bin sawunsa. In ba shi da dalili, wahalarka ta tashi a banza.

Wanda ya fi burge ni shi ne Master na Fallout na farko, 1997. Ya duba ya ga bambanci ne ya sa 'yan Adam suka halaka kansu, sai ya ƙudura mayar da kowa halitta iri ɗaya mai jure gubar nukiliya, ko an so ko an ƙi. Ana iya kayar da shi ba tare da harbi ba: ka kawo masa shaidar cewa halittun nasa ba sa haihuwa, ma'ana shirinsa zai mutu da su. Da ya gamsu, sai ya tarwatsa kansa da maɓoyarsa. Ana iya karya hujjarsa ne domin tun farko yana da hujja. Haka Ted Faro na Horizon, wanda motocin yaƙinsa suka cinye duk wani abu mai rai, daga baya ya goge taskar ilimin da aka tanadar wa masu zuwa, wai don ya kare su. Kowa na iya hango kunyar da yake binnewa.

Kwatanta su da Institute na Fallout 4, 2015. Masana ne a ƙarƙashin ƙasa, suna sace mutane suna maye gurbinsu da mutum-mutumi mai kama da su. Shugabansu ɗanka ne na cikinka, amma wasan bai ba ka damar titsiye shi ya faɗi amfanin hakan ba. Masu cewa wannan zurfi ne ban yarda da su ba. Rauni ne a rubutu.

Gardamar da ta fi zafi ita ce ta Joel na The Last of Us. A asibitin Salt Lake City, 'yan ƙungiyar Fireflies sun shirya yi wa Ellie, yarinyar da Joel ya rako, tiyatar da za ta kashe ta don a samo rigakafi. Joel, wanda ya rasa 'yarsa shekara 20 kafin nan, ya karkashe su, ya ɗauke ta, ya yi mata ƙarya. A kashi na biyu, 2020, 'yar likitan da ya kashe, Abby, ta zo ɗaukar fansa, kuma aka sa mai wasa ya zama ita na tsawon lokaci. Mutane da yawa sun fusata, don sun ɗauka fahimtar dalilin mutum daidai yake da wanke shi. Ba haka ba ne. Abin da ake yawan mantawa a musun shi ne Ellie a sume take, kuma daga likitocin har Joel babu wanda ya jira ta farfaɗo ya tambaye ta. Duka ɓangarorin sun zalunce ta.

Don haka, ɗan'uwa, in gardamar ta tashi a majalisa, fara tambayar abokin musunka ko ya buga wasan ne ko kallonsa ya yi. In kuma ka samu damar bugawa a gida, rage gudu, shiga ɗakunan, karanta takardun.