Kama da Wane Ba Ta Wane: Takwarorin Suna Daga Gaya Zuwa Birni

A kowace makarantar allo ta Gaya ko Ajingi, idan malam ya ɗaga murya ya ce "Abdullahi!", kawuna da yawa ne za su ɗago daga kan alluna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bahaushe yana ɗebo sunayen yanka daga na Annabawa da Sahabbai da iyalan gidan Manzon Allah (SAW), sannan yana son yi wa mahaifi ko malami ko aboki takwara. Ranar suna liman zai raɗa sunan kakan jariri, a yanka rago, maroƙi ya shelanta. Kafin a sauke tukwane kuwa, matan gida sun mayar da yaron Abba ko Baffa ko Halifa, domin suruka ba ta faɗin sunan surukinta. Ta haka sunaye 'yan kaɗan suke zagayawa a cikin jama'a mai ɗimbin yawa.

Da makarantun boko suka zo, sai aka shiga liƙa wa ɗalibai sunan garinsu don a rarrabe su a rajista. Sardaunan Sakkwato ya yi makaranta ana kiran sa Ahmadu Rabah. Haka aka samu Shehu Shagari da Sa'adu Zungur da Isa Kaita da Aminu Kano. Wannan dabara ta warware matsalar aji, amma ta haifar da wata: yau mutane da dama suna ɗaukar sunan gari a matsayin sunan dangi.

Gaya ta isa misali. A jamhuriya ta farko akwai Alhaji Sule Gaya, Sarkin Fadan Kano, wanda ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin Jihar Arewa zamanin Sardauna. Akwai Kabiru Ibrahim Gaya, masanin zanen gine-gine, wanda ya zama gwamnan Kano a jam'iyyar NRC daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993, daga baya ya wakilci Kano ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2023. Akwai Abdullahi Mahmud Gaya da ya wakilci Gaya da Ajingi da Albasu a Majalisar Wakilai. Sai kuma Mai Martaba Aliyu Ibrahim Gaya, wanda ya gaji mahaifinsa Sarkin Gaya Ibrahim Abdulƙadir a 2021. Baƙon da ya karanta waɗannan sunaye a jarida zai iya zaton 'yan gida ɗaya ne. Abin da kalmar Gaya take tabbatarwa a jikin sunan kowannensu shi ne gari. Zumunci kuwa sai an tambayi waɗanda suka san gidajen.

Abin yakan zo ta ɗaya gefen ma. Abba Kabir Yusuf, wanda ya hau kujerar gwamnan Kano a 2023, jikan Ɗanmakwayon Kano Yusuf Bashari ne, wanda ya yi hakimcin Gaya, amma babu Gaya a sunansa. Jama'a sun fi sanin sa da Abba Gida-Gida. Ga gwamnoni biyu ke nan masu alaƙa da gari ɗaya, kowanne da Kabiru a sunansa: ɗaya sunansa ne na yanka, ɗayan sunan mahaifinsa ne. Idan aka leƙa fagen wa'azi kuma sai a tarar da Shaikh Kabiru Gombe na ƙungiyar Izala. Mai sauraron rediyo da hankalinsa ya rabu biyu zai iya musanya Gaya da Gombe, ya ɗora maganar malami a bakin ɗan siyasa.

Ba nisa da Ajingi, a garin Ɗanlasan na ƙaramar hukumar Warawa, aka haifi Rabilu Musa, wanda duniyar Hausawa ta sani da Ibro. Gandiroba ne kafin ya koma wasan barkwanci, ya zama mutumin da ganin fuskarsa kaɗai ke sa dariya. Ya rasu a Disambar 2014. Gwamnan Kano a lokacin shi ne Rabi'u Musa Kwankwaso, injiniyan ruwa, tsohon ministan tsaro, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2003, ya sake dawowa daga 2011 zuwa 2015. Tsakanin Rabilu Musa da Rabi'u Musa harafi guda ne. Abin da ya raba su a bakin jama'a shi ne ɗaya ya tafi da sunan da fim ya ba shi, ɗayan da sunan garinsu da ke ƙaramar hukumar Madobi.

Babu sunan da ya ratsa fagage a Kano kamar Aminu. Malam Aminu Kano, jagoran NEPU da PRP, ya rasu a 1983, sunansa na kan filin jirgin sama da asibitin koyarwa na birnin. Alhaji Aminu Ɗantata attajiri ne ɗan attajiri, ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Aminu Ado Bayero ya hau gadon sarautar Kano a 2020. Shaikh Aminu Ibrahim Daurawa an san shi da karantarwa da jagorancin Hisbah. Aminu Ala mawaƙi ne kuma marubuci, Aminu Saira kuwa daraktan shirin Labarina. Bakano ba ya rikicewa a kansu, domin kowanne yana tafe da alamarsa: gari, gida, unguwa ko laƙabi. Da an ce "Malam" a hirar siyasar Kano, an san wa ake nufi.

Inda rikicin yake tsananta shi ne idan sunayen suka zo daidai babu ragi. Najeriya ta ga Abba Kyari har uku, dukansu daga yankin Borno. Na farko soja ne, gwamnan Jihar Arewa ta Tsakiya a Kaduna daga 1967 zuwa 1975. Na biyu shugaban ma'aikatan fadar Shugaba Buhari, wanda cutar korona ta yi ajalinsa a Afrilun 2020. Na uku jami'in 'yan sanda. Wanda ya rubuta sunan a intanet yana neman hoto, duk ukun za a jero masa, ya rage nasa ya tantance.

A nan faɗakarwar take. Labari a Facebook da WhatsApp yana gudu fiye da tambaya. Rasuwa ko zargi ko kamu da ya shafi wani, cikin ɗan lokaci sai a liƙa shi da hoton takwaransa, iyali su shiga tashin hankali, mutuncin da aka daɗe ana ginawa ya zube. Kafin ka tura, tambayi kanka: wane ne daga cikinsu? Ɗan wa ne, daga ina, mece ce sana'arsa, a wane zamani ya yi tashe? Addini ma ya umarce mu da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi.

Talaka shi ma yana da rabonsa a wannan matsala. Yaro daga Toranke ko Kademi zai rubuta sunan mahaifinsa a takardar firamare, ya sa sunan gari a WAEC, ya sa na kaka a katin NIN, ya juya jerin a BVN. Ranar da zai cika fom ɗin JAMB ko ya nemi fasfo na aikin Hajji, kwamfuta za ta ɗauke shi mutum huɗu daban-daban, sai ya koma zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa. Iyaye da malaman firamare su ne za su tare wannan tun da wuri: a tsayar wa yaro suna ɗaya, da jeri ɗaya, da rubutu ɗaya, tun daga takardar haihuwa. Laƙabi a bar shi a gida da majalisa, takarda kuma a ba ta sunan yanka da na mahaifi yadda ba za su sauya ba.