Zawon Da A Ke Cewa Na Haƙori Ne

A ko wace gunduma ta ƙasar nan, idan yaro ɗan wata shida ko bakwai ya kama zawo, abin da a kan ji daga bakin tsofaffin gida shi ne, "Haƙori ne, in ya fito zai daina." Sai a rataya masa laya a zauna jira. Yara da yawa su kan warke, gaskiya ne. Amma waɗansu ba su kai ga fitowar haƙorin, kwana biyu ko uku sai a ji an yi rashi. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san asalin wannan ciwo, gama maganarsu ta fi ta kowa shiga kunnen talakawa.

Likitoci sun bincika, sun tabbata fitar haƙori ba ta kawo zawo. Iyakar abin da ta ke sawa ƙaiƙayin dasashi ne, da dalala, da 'yar rigima. Abin da ya sa a ke ganin su tare kuwa, lokacinsu ne ya zo ɗaya. A watannin nan yaro ya ke fara zama da rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai sai baki, ko ƙasa ce ko kashin kaji. A nan ne kuma a ke fara ba shi koko da kunu, watakila a ƙwaryar da ƙuda ya wuni a kai. Ƙwayoyin cutar da ya haɗiya ta wannan hanya su ne su ke tsinka masa ciki.

Yadda zawo ya ke kisa shi ne ya ƙarar da ruwan jiki da gishirinsa. Jikin jariri ƙarami ne, ba shi da ajiya, yini guda ya isa ya bushe. Alamun ba su ɓuya: idanu su zurma, baki ya bushe, fitsari ya ragu, in an tsunkuli fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba. Maɗiga ma ta kan faɗa. Mata su kan ɗauki wannan ciwo ne dabam, su kwaɓa magani su shafa a ka, alhali kuwa ƙishirwar jiki ce. Da an mayar da ruwan sai ta taso da kanta.

Maganin ba tsada gare shi ba, watau ruwan gishiri da sukari. Hikimarsa ita ce, hanji ko yana ciwo ya kan tsotsi sukari, sukarin ya ja gishiri, ruwa kuma ya bi su cikin jini. A shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon ta ƙasar Indiya, ruwan da a ke ƙara wa majinyata ta jijiya ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa dangin majinyata su riƙa ba su wannan haɗi da kofi. Da ma cikin ɗari mutum wajen 30 su ke mutuwa, sai abin ya koma ƙasa da 4.

Wanda ya fi kyau shi ne na ƙunshi, wanda ma'aikatan asibiti su ke kira ORS. A juye shi duka cikin tafasasshen ruwan da ya huce, gwargwadon awon da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya. Inda babu na ƙunshi, sai a zuba sukari cokalin shayi 6 shafaffu, ba tozo, da gishiri rabin cokali, cikin lita ɗaya. A nan a ke yawan kuskure, don waɗansu su kan ga kamar yawan gishiri shi ne ƙarfin magani, alhali ya kan yi wa yaro lahani. Uwa ta ɗanɗana tukuna, kada ya fi hawaye gishiri. Duk sa'ad da yaro ya yi zawo a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan: wanda bai kai shekara 2 ba, kwata zuwa rabin kofi, wanda ya fi haka, rabi zuwa kofi guda. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da ƙwayar zinki, sau ɗaya kullum har kwana 10 zuwa 14, domin tana rage kwanakin ciwon, tana kuma rage saurin dawowarsa.

Kada a janye nono ko abinci wai don ciki ya huta. Yunwa a kan zawo ita ce mafarin tamowa.

Akwai lokacin da jiyyar gida ba ta isa. Idan yaro ya kasa sha ko kama nono, ko ya langaɓe ba ya farkawa sosai, ko ana ganin jini a kashinsa, ko komai ya sha sai ya amayar, to, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ana ba shi ruwan a hanya in yana iya haɗiya. Sau da yawa uwa ta ga alamun, amma maigida ba ya nan, ba ta kuwa da izinin fita. Wannan magana ta magidanta ce, dagatai ne za su faɗa musu su bar izini a gida tun kafin su yi tafiya.

Game da kwalaben "maganin haƙori" na kasuwa, ya isa a tuna da abin da ya faru daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, sa'ad da wani mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga haɗinsa, ya kashe yara 84 a Legas da Zariya da waɗansu wurare.

Rigakafi kuwa, nono zalla har wata 6, ba ko ruwa, shi ne kan gaba. Sai wanke hannu da sabulu bayan an wanke wa yaro kashi, da kafin a taɓa abinci. Tun 2022 kuma Nijeriya ta sa ɗigon rigakafin rota, ƙwayar da ta fi jawo zawo mai tsanani ga jarirai, cikin rigakafin da a ke yi kyauta, a mako na 6 da na 10 da na 14.

Sarakuna sun riga sun nuna abin da su ke iyawa sa'ad da suka tsaya kan cutar shan-inna. Haka a ke bukata a nan. Hakimi ya karanta wa dagatai wannan bayani a majalisa, su kuma su tara masu unguwa da limamai da unguwarzomai da wanzamai, a gwada awon a gabansu da cokali da kwalba, don ji kawai ba ya zama. Malamin da ya ke rubuta haihuwa da mutuwa ya riƙa sa watannin yaron da ciwon da ya yi ajalinsa, in an ce masa "haƙori" ya tambaya ko an yi zawo. Idan ya ga gari guda ya kawo irin wannan rasuwa a jere, musamman da damina, sai ya sanar da hakimi ran nan, a aika wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a je a duba rijiyar garin da salgogin da ke kusa da ita.