Sauraron ƙirjin yaro kafin a kai ga injin hoto

Zuciya tana da ƙofofi huɗu da ke buɗewa da rufewa don jini ya bi hanya ɗaya. Idan ɗaya ta ƙuntace ko ta daina rufewa ruf, jinin da ke ratsa ta yakan yi wani huci mai kama da na zugazugin maƙeri, kuma likita na jin sa da na'urar sauraron ƙirji, wadda Laennec ya ƙirƙiro a Faransa a 1816. Lokacin da hucin ke fita da inda yake dosa suna nuna ƙofar da ta lalace. Wanda ke tashi yayin da zuciya ta matse, ya bazu zuwa hammatar hagu, alama ce ta cewa ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu tana yoyo. Idan gurnani ne ƙasa-ƙasa bayan bugun zuciya na biyu, wanda aka fi ji in an kwantar da mutum ta hagu, ƙofar nan ƙuntacewa ta yi. Wanda ke hawa wuya, musamman a dattijo, na ƙofar babbar jijiya ne.

A ƙasarmu ƙofar hagun nan ce ta fi shan wahala, kuma abin yakan faro daga ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta tsakanin shekara 5 zuwa 15, irin wanda ake kai wa wanzami ya cire beli. Bayan makonni sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi mai yawo, a ce sanyi ne. Shekaru su shuɗe, sai haki da kumburin ƙafa, ko kuma yarinya ta ɗauki cikin fari ta kasa kwanciya a miƙe. Shi ya sa ya kamata duk ma'aikacin lafiya a Kiyawa, Jahun ko Buji ya ɗora na'urar nan a ƙirjin yaro, ko da zazzaɓi aka kawo shi.

Za a ce kunne ya tsufa, tunda akwai hoton zuciya na eko. Maganar tana da tushe: binciken da aka wallafa a 2007 kan 'yan makaranta a Kambodiya da Mozambik ya nuna eko na gano kusan ninki goma na abin da sauraro ke ganowa. Sai dai injin da mai karanta shi a manyan asibitoci ake neman su, irin asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse ko na Aminu Kano a Kano, kuma yaron ƙauye ba zai isa can ba sai wani ya ji abin da ya sa a tura shi.

Za a kuma ce ana tayar wa iyaye hankali a banza, domin ƙarancin jini, maleriya, sikila da juna biyu duk suna sa lafiyayyar zuciya huci. Haka ne, amma irin wannan mai laushi ne, gajere, ba ya bazuwa, kuma yana tafiya idan an magance sanadinsa. Wanda ya zo bayan bugu na biyu, ko ya zo da rawar da tafin hannu ke ji a ƙirji, ko bugun jini mara tsari, ba a jira da shi. Idan an tabbatar da cutar da ciwon maƙogwaro ya jawo da wuri, allurar penisilin duk mako uku ko huɗu tana hana ƙofar ƙara lalacewa. Idan an makara, sai tiyatar buɗe ƙirji, mai cin miliyoyin naira.