Fataucin mutane: kada ku ba da yaranku haya

Fataucin mutane shi ne a yaudari mutum ko a tilasta masa, a kai shi wani wuri don a ci guminsa ta hanyar bara, aikin gida babu lada, ko karuwanci.

Mai wannan fatauci sau da yawa ɗan gari ne. Yakan zo lokacin da hatsi ya ƙare cikin rumbu, ya ce ku ba shi yaro ya kai shi bara Aljeriya, ya riƙa aiko muku da kuɗi.

Ku tuna, cikin watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, bisa hanyar Aljeriya. Ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne.

Dokar 16 ga Disamba 2010 ta hana wannan fatauci a Nijar. Hukuncinsa shekara 5 zuwa 10 a kaso. In yaro aka ɗauka, shekara 10 zuwa 30, ko da iyayensa sun yarda. A 2019 gwamnati ta buɗe gidan karɓar waɗanda aka ceto a Damagaram.

In wani ya nemi yaronku, ku ƙi. Ku sanar da mai gari, jandarma ko ƴan sanda tun mota ba ta tashi ba.